Tsagar da ke Ƙarƙashin Bene

Ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe amsar injiniyar ofishin kula da gine-gine ta shigo wayar Auta, tana tsakiyar yanka wuyan wata riga. Ta ajiye almakashi ta karanta a tsaye.

"Na ga hotuna bakwai da kika turo. Ki yi haƙuri, ban ga komai a cikinsu ba sai farin bango da bututun ruwa. Ƙorafi sama da arba'in ne a kan teburina, kuma mota ɗaya gare mu. Ba zan iya tsallake layi da waɗannan ba. In kin samu waɗanda suka nuna tsagar sosai, ki turo kafin ƙarfe uku."

Auta tela ce. Shagonta yana ƙasan wani bene mai hawa uku, ita kuma tana zaune a hawa na biyu da 'ya'yanta da mahaifinta. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku bai taka gida ba. Kwana huɗu da suka wuce ta shiga lungun ƙarƙashin matakala ɗiban ruwa a famfo, ta tarar da ɓarɓashin siminti a kan murfin bokitinta. Da ta ɗaga kai sai ta ga ginshiƙin da ke riƙe da matakalar ya tsage a karkace, daga daidai ƙugunta zuwa sama da kanta. Ta ɗauko allin ɗinki ta ja layi a inda tsagar ta ƙare. Yau da safe tsagar ta wuce layin da faɗin yatsa biyu.

Ta gaya wa wakilin mai gida tun ranar farko, ya ce fenti ne ya tsufa. Jiya da ya ji ta kira ofishin kula da gine-gine, sai ya aiko da saƙo cewa birkila zai zo yau ƙarfe biyu ya yaɓe wurin. Auta ta san abin da hakan ke nufi. Da zarar siminti ya rufe tsagar, babu abin da za ta nuna wa kowa, kuma iyalai tara za su ci gaba da kwana a kanta.

Ta rufe shago, ta hau bene.

Baba yana inda yake kullum, a kujerarsa kusa da taga, rediyo a gefe, hannun dama a kwance bisa cinya kamar ba nasa ba. Shekara arba'in ya yi yana ɗaukar hoto kafin ɓarin jikinsa ya shanye. Rabon Auta da ta nuna masa hoton da ta ɗauka da hannunta tun tana 'yar shekara sha huɗu, ranar da ya yaga mata guda shida a gaban masu jiran hotunansu, ya ce takardar ta fi aikin daraja. Daga ranar ta koma wajen ƙanwar babarta koyon keken ɗinki.

Ta durƙusa gefensa ta ba shi labari a gurguje, ta miƙa masa wayar. Ya sa tabarau da hannun hagu, ya kawo wayar kusa da hanci.

"Wannan fa? Cikin buhun gari kika shiga kika ɗauka?"

"Ginshiƙin ne, Baba."

"Wannan kuma ai bututu kika ɗauka. Ya fito da kyau, ba laifi, sai a kai wa mai gyaran famfo ya rataya a ɗakinsa." Ya ture zuwa na gaba da babban yatsa. "Kai. Makaho ma in aka ba shi..."

"Baba." Muryarta ta fito da ƙarfin da ba ta yi niyya ba. Ta sassauta. "Na san ba su yi ba, injiniya ta riga ta gaya mini. Awa biyu da rabi gare ni. In ginin nan ya motsa, ni da yara za mu iya gudu, kai fa? Ba na son jin yadda suka ɓaci. Ka gaya mini abin da zan gyara, ɗaya bayan ɗaya, in je in gyara."

Baba ya dube ta ta saman tabarau. Leɓensa na dama, wanda ba ya rufuwa sosai, ya ɗan yi rawa. Ta ɗauka zai ce ta kwashe wayarta ta ba shi wuri. Sai ya miƙa hannu ya kashe rediyo, ya juya bayan wayar ya karkata ta wajen taga.

"Man keke ne a idon kyamarar. Da yatsan aiki kike taɓa shi. Samo ƙyalle mai laushi, ba mai sitati ba."

Ta goge. Ya ce ta sake.

"To, saurara. Kin matsa kusa da yawa, idon ba ya iya kama abin da ke bakin hancinsa. Ki ja baya kamar kamu biyu. Sannan wayar nan ba ta san abin da kike nema ba, duk abin da ya fi kusa da ita shi take kamawa, shi ya sa ta kama bututu. Ki taɓa tsagar a kan gilashin da yatsa, ki jira sai kin ga gefenta ya yi kaifi. Wurin da duhu, ko?"

"Sosai."

"A duhu kyamara takan daɗe ido buɗe, ko numfashi kika yi sai hoton ya girgiza. Ki manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ki jingina da bango, ki fitar da numfashi, sannan ki danna. Je ki. Uku kawai, kada ki kawo mini ashirin."

Matakala talatin da takwas ne tsakanin ɗakin Baba da lungun. Ba ta taɓa ƙirga su ba sai ranar. Tana sauka tana taka su a hankali, kamar nauyinta ne zai ƙarasa ginin. A lungun akwai warin danshi, famfo na ɗiga, kuma ga sabon ɓarɓashi a ƙasa inda ta share da safe. Ta yi duk yadda ya ce. Da ta koma sama ƙarfe sha biyu da kwata ta yi.

Baba ya daɗe a kan hoton farko.

"Hannunki ya tsaya," ya ce. "Dubi nan, har ƙwayar yashi ana gani. Wannan ya wuce, kada ki sake tunaninsa." Ya buɗe hoton da yatsu biyu da ƙyar, ta taya shi. "Amma tsagar ta zama kamar zaren da aka manna a bango. Da filashi kika ɗauka?"

"In ban kunna ba ai ba a ganin komai."

"Filashi daga gaba yake dukan abu, ya cika ramin da haske, ya kashe inuwa. Rami kuwa da inuwarsa ake gane shi. In kina son ganin ko ɗinki ya tattare, ta ina kike duba yadin?"

Ta yi ɗan tunani. "Nakan karkata shi wajen ƙofa."

"To haka za ki yi wa bangon. Tunda ba ya karkatuwa, hasken za ki karkato. Ya zo daga gefe, yana shafar bangon. Ƙofar tsakar gida tana wane hannu?"

"Hagu. Amma rana ba ta shiga lungun."

"Kina da madubi a shago."

Madubin gwajin kaya ne, dogo, ya kai tsayin mutum. Ta kinkimo shi zuwa tsakar gida tana haki, gefensa na cin tafin hannunta. Ba zai tsaya da kansa a yadda take so ba, sai da mai riƙewa. Ta leƙa ɗakin Maman 'yan biyu, maƙwabciyarta ta ƙasa, ta same ta tana wanki.

"Ni fa ba na son abin da zai haɗa ni da Wakili," matar ta ce tana yarfe kumfa. "Kin san halinsa. Ina za mu nufa da yara in ya ba mu takardar tashi?"

"Minti biyar, Maman 'yan biyu. Ba za ki fito a hoton ba."

Ta fito tana waige-waige. Suka yi ta juya madubin, hasken na yawo a rufi, ya faɗa kan famfo, ya haske wa Auta ido, har dai ya kwanta a jikin ginshiƙin daga gefe. A wannan hasken tsagar ta buɗe baki baƙi ƙirin, gefe ɗaya ya turo gaba ya fi ɗayan, kuma ga wasu ƙanana guda uku sun rabu daga jikinta, waɗanda ba ta taɓa lura da su ba. Maman 'yan biyu ta leƙo ta gefen madubin, ta gani, sai hasken ya fara rawa a bango.

"Riƙe da kyau, don Allah."

Ƙarfe ɗaya da minti ashirin ta sake durƙusawa gaban Baba, gumi ya jiƙa mata baya. Ya duba, ya sake dubawa.

"Wannan a ƙarƙashinmu yake?"

"Daidai ƙarƙashin ɗakin girki."

Ya gyara tabarau. "Hasken ya yi. Ko ni iyakar abin da zan yi ke nan. Saura abu ɗaya, kuma shi ne babba. Ke kin san wurin, injiniyar nan ba ta sani ba. In ta kalli wannan, me zai gaya mata ginshiƙi ne? Zai iya zama katangar bayan gida. Zai iya zama tsagar da ba ta kai tsawon allura ba, aka matso da ita."

"To ya zan yi?"

"Uku za ki ɗauka, kamar kina riƙe da hannunta kina shigo da ita. Na farko daga bakin ƙofa, a ga matakala, a ga ginshiƙin tun daga ƙasa har inda ya ɗauki bene, ta san abin da yake riƙe da shi. Ki kwashe bokitai da tsintsiya, ido yana bin tarkace. Na biyu ki matso, tsagar gaba ɗayanta, da layin allinki a ciki. Na uku bakin ramin, inda ya fi faɗi. A na biyu da na uku ki sa abin awo."

Ta taɓa wuyanta. Tef ɗin awo na rataye a nan tun safe.

"Shi," Baba ya ce. "Lambobin su fito. Kuma ki tsaya daidai gaban bangon, kada ki karkata wayar sama ko ƙasa, in kin karkata awon zai yi ƙarya, su kuma irin mutanen nan da sun ga ƙarya ɗaya sun yar da sauran."

Ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida. Auta ta leƙa ta taga. Wakili ne yake fitowa daga gaba, a baya kuma wani dattijo yana sauke buhun siminti da kwanon kwaɓi. Biyu saura kwata.

"Sun zo da wuri," ta ce.

"Ba sai kin sake hawowa ba. Ki duba da idonki, kin san abin da kike nema yanzu."

Kafin ta kai ƙasa Maman 'yan biyu ta jingine madubin da bango ta shige ɗaki ta sa sakata. Wakili na tsaye a bakin lungun, makullan mota na kaɗawa a yatsansa. Mutum ne mai fara'a in yana so, kuma da fara'ar ya tare ta.

"Hajiya, an koma ɗaukar hoto ne? Ɗinkin ba ya tafiya?"

"Ina wuni, Alhaji. Minti goma nake roƙo kafin a fara."

"Kin kawo kuka, mun kawo gyara. Me kuma ya rage?" Fara'ar ta ragu. "Mai gidan nan ya ji an kai sunansa ofis, kuma bai ji daɗi ba. Ni na tare miki. In gidan bai yi miki ba, akwai masu nema, har da shagon. Ki yi tunanin tsohon da ke sama, ba ko'ina ake samun wurin da zai karɓe ku da shi ba."

Shekara tara ta yi tana tara masu kawo mata ɗinki a wannan layin. Ta sunkuya ta fara kwashe bokitai daga lungun.

Birkilan ya shigo da kayansa. Dattijo ne siriri, gemunsa fari, ba a gane inda furfura ta tsaya siminti ya fara. Ya tsaya gaban ginshiƙin ya dube shi sama da ƙasa, ya juya cokalin gininsa ya ƙwanƙwasa da ƙota. A ƙasa ƙarar ta fito a dunƙule. Da ya kai wajen tsagar sai ta fito kamar an buga tulu. Ya sake bugawa, wani ɓallin siminti ya faɗo kusa da ƙafarsa.

"Malam, a fara," Wakili ya ce. "Ina da wani wurin zuwa."

Birkila ya je ya ɗebi yashin da suka zo da shi, ya murza a tafin hannu. "Alhaji, yashin nan duk tsakuwa ne. In na yaɓa haka gobe zai zubo. Na bar rariyata a wancan aikin namu na safe."

"Ba za a iya yi haka ba?"

"Za a iya. Sai dai ka sake kirana jibi."

Wakili ya yi tsaki, ya dubi agogo, ya dubi Auta, ya fita. Suna jin motar ta tashi, dattijon ya goge hannu a riga ya nufi madubin.

"Yaɓe aka kira ni, 'yata, kuma in ya dawo yaɓe zan yi, ina da iyali. Amma ba wanda ya ce kada in riƙe madubi. Ta ina kike so?"

Rana ta riga ta gusa, sai da suka ja madubin har tsakiyar tsakar gida kafin su kamo ta. Auta ta ɗauki na farko daga bakin ƙofa, ta duba, ta ga ta yanke kan ginshiƙin inda ya haɗu da bene. Ta ja baya har ta taka magudanar ruwa, ta sake. Ta manna tef da guntun salatif a gefen tsagar, ta ɗauki na biyu. Lambobin sun yi dishi-dishi. Ta jingina da bango, ta fitar da numfashi, ta ƙirga uku, ta danna. Suka fito.

A na uku birkila ya ce ta dakata. Ya ajiye madubin, ya shigo lungun ya zura bakin cokalinsa cikin ramin. Ya shige har rabi. Da ya zaro, wani ɓalli ya biyo shi, sai ga rodi a fili, ya yi tsatsa ja wur, ya lanƙwaso waje kamar an danne shi daga sama.

"Wannan za ki nuna mata," ya ce a hankali.

Ya koma ya riƙe madubin, ita kuma ta taɓa rodin a kan gilashi, ta jira gefensa ya yi kaifi, ta ɗauka. Ta duba ukun a jere, sau biyu. Ranta na son ta ruga sama ta nuna wa Baba, amma ga ƙarar motar Wakili ta dawo. Ta tura su ƙarfe biyu da minti ashirin da biyar, ta rubuta a ƙasa: layin alli na kwana huɗu ne, kuma yanzu za a yaɓe.

Alamar an karɓa ta fito. Ta an karanta ba ta fito ba.

Wakili ya jefa rariya a ƙasa, ya tsaya a kan birkila har ya tankaɗe yashi ya kwaɓa. Dattijon bai yi sauri ba, amma kwaɓi ba ya ɗaukar shekara. Ya ɗebo cokali na farko ya fara daga bayan ginshiƙin, inda babu abin da ya same shi.

"Ba nan ba ne matsalar," Wakili ya ce.

"Daga mai kyau ake farawa, Alhaji, don sabon ya samu abin kamawa."

Auta na tsaye riƙe da waya da hannu biyu. Biyu da minti arba'in. Ta kira lambar ofishin, ana kan layi. Birkila ya gama baya, ya gama gefe, ya zagayo gaba ya durƙusa, ya shafa cokali na farko a gindin tsagar. Simintin ya haɗiye kamu guda nata. Ya ɗebo na biyu.

Wayar ta yi ƙara.

"Ke ce kika turo hotunan nan?" Muryar mace ce, mai sauri. "Rodin da nake gani, a ginshiƙin da ke hoton farko yake? Akwai mai aiki a wurin yanzu? Sa ni a lasifika." Auta ta danna. "Duk wanda ke wurin ya ajiye kayan aiki. Kada a ƙara ko cokali ɗaya, kada a buga komai a jikinsa. Wanda ya rufe shi bayan wannan kiran, da sunansa zan rubuta rahoto. Ina hanya."

Birkila ya mayar da simintin cikin kwano, ya kankare wanda ya shafa tun bai kama ba. Wakili ya fita waje yana latsa waya.

Ƙarfe huɗu saura injiniya ta iso da mutum biyu da hulunan kwano. Ba ta yi minti goma a lungun ba ta fito ta ce kowa ya bar gidan kafin magariba, a ɗauki abin da hannu zai iya ɗauka, mutum biyu-biyu a kan matakala, ba gudu. Gidan ya rikice da kuka da kiran waya. Wani magidanci daga hawa na uku ya tsaya gaban Auta da katifa a ka, ya ce ta kyauta, yanzu sai ta nuna musu inda za su kwana.

A kujerarsa aka sauko da Baba, birkila a gaba, ɗaya daga cikin mutanen injiniya a baya, Auta na riƙe da hannunsa mai lafiya. Rabonsa da ƙasa wata bakwai. Aka sa shi a motar da yayarta ta turo, aka ɗora masa kan keken ɗinki a cinya saboda babu sauran wuri.

Wata huɗu suka yi a gidan yayar, su biyar a ɗaki ɗaya. An tokare benen da ƙarafa, aka sake ginshiƙai biyu, don na bayan shagonta ma an same shi da irin ciwon. Iyalai uku ba su dawo ba. Maman 'yan biyu ta daina gaishe ta na wani lokaci, daga baya ta kawo mata ɗinkin kayan makarantar yara ba tare da ta ta da zancen ba. Shagon kuwa Wakili ya ba wani mai sayar da waya tun kafin a gama gyara, sai Auta ta kafa kekenta a barandar hawa na biyu, masu kawo ɗinki suka koyi hawa matakala.